Ranar da Malam Birki Ya Rufe Bakinsa

Tagar ɗakina tana kallon filin ƙwallon da ke bayan makarantar firamare, kuma tun da gwiwa ta hana ni yawo, a bakin tagar nan nake wuni. Daga bene na biyu babu abin da ke wuce ni. Na san yaron da ke ɓoye cingam a cikin safa, na san uban da ke zuwa kallon ɗansa alhali idonsa na kan malamar aji huɗu. Wancan uban dai mu ƙyale shi, matarsa ƙawar surukata ce.

Maganar ɗana da jikana zan yi. Ɗana makarantar koyon tuƙi gare shi, mota ɗaya, allo ɗaya, shi ne shugaba shi ne ma'aikaci. Unguwa kaf Malam Birki ake ce masa, domin motarsa birki biyu gare ta, ɗaya a ƙafar ɗalibi ɗaya a tasa, kuma nasa ne kullum yake fara cinyewa. Tun safe har yamma yana zaune kusa da mutum yana cewa hagu, dama, sassauta, duba madubi, taka, ɗaga. Bakin ya riga ya saba. Ko shayi matarsa ke zuba masa sai ya ce, "Sassauta, sassauta, tsaya nan." Ni da na haife shi, in zan sauka matakala sai ya gaya mini ƙafar da zan fara sawa.

Jikana kuwa Tsinke ake ce masa, ni kuma maigidana nake ce masa, ko da yake har yau ban ga ko sabulun wanka daga hannunsa ba. Shekararsa goma sha ɗaya. Ƙafafunsa sirara ne ƙwarai, in ya ɗaura takalmin ƙwallo sai ka rantse takalmin ne ya ɗauko shi. Amma yaron yana son ƙwallo kamar ransa. Da ita yake kwana, har uwarsa ta gaji da cire ta daga ƙarƙashin bargo.

Mai koya musu wasa kowa Koci yake ce masa. Gajere ne, da ɗan tumbinsa, da rana gyaran firij yake yi, da yamma ya rataya usur ya shigo fili. Usur ɗin ma ado ne, da wuya ka ji ya busa. Ni duk masu koyar da ƙwallon da na taɓa gani a talabijin ihu suke yi suna jifa da gorar ruwa. Wannan kuwa sai ya raba yara ƙananan ƙungiyoyi, ya jefa musu ƙwallo, ya koma gefe ya harɗe hannu kamar mai jiran mota. In yaro ya yi shirme, ba zagi ba tsawa, sai ya kira shi ya durƙusa daidai tsayinsa ya ce, "Lokacin da ta zo maka, me ka gani?" Yaro ya yi ta kame-kame, Koci yana gyaɗa kai kamar ana gaya masa maganar duniya. Yau ka ga yaro a gaba, gobe a baya, jibi a raga yana rawar jiki. Iyaye suka yi ta gunaguni cewa ba a cin wasa da haka. Koci ya ce shi yara yake reno, kofi kuwa akwai shi a kasuwa.

Doka ɗaya gare shi wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Duk uba ko uwar da ta tsaya a bakin fili ta gaya wa yaro abin da zai yi da ƙwallo, sai Koci ya fitar da yaron, ya kamo hannunsa har gaban mai maganar, ya ce, "Na ga kuna da magana, ga shi nan, ku gama." Yaro ya zauna a benci har sai Koci ya ga dama ya mayar da shi.

Sauran iyaye sau ɗaya aka yi musu suka shiga hankalinsu. Ɗana kuwa, kowace Asabar sai an kawo masa Tsinke. Ƙwallo na taɓa ƙafar yaron za ka ji, "Hagu! Hagu na ce! Ɗaga kai! Buga!" Yaro ya tsaya cak, ƙafa ɗaya na son hagu, ɗaya na son dama, ido na kan uba, kafin ya gama shawara an ɗauke ƙwallo an bar shi da iska. Sai ga Koci tafe da shi riƙe da hannu.

Wata yamma ɗana ya tare Koci a bakin famfon da ke ƙarƙashin tagata. Allah ya taimake ni ruwa bai zo ba ranar, babu ƙarar da ta hana ni ji.

"Koci, ni fa ban gane wannan koyarwa taka ba," in ji ɗana. "Ni ma malami ne. Shekara da shekaru ina koyar da mutane, ban taɓa ganin inda ake koyarwa da shiru ba. In na yi wa ɗalibi shiru irin naka, ai da yanzu muna cikin kwata ni da shi."

"Gaskiya ne, Malam," Koci ya ce yana ɗaure bakin buhun ƙwallaye. "In ɗalibinka ya yi kuskure, ana iya rasa rai. In nawa ya yi, ana rasa ƙwallo ne, a ɗauko ta a ci gaba. Nan ne kawai wurin da yaro zai yi kuskure da araha, don me zan hana shi?"

"To amma ina ganin hanya a buɗe, shi bai gani ba!"

"Kai kana tsaye a inuwa, ba wanda ke bin ka da gudu. Shi kuma ƙwallo na ƙafarsa, yara biyu na wuyansa, ga muryarka ta uku. In ka gaya masa yau ya yi daidai, kai ka yi daidai, shi bai koyi komai ba."

"Wato in zuba ido ɗana yana shirme?"

"Zuba ido shi ne aikin, Malam. Ni ma wahala yake ba ni. Kana ganin tumbin nan? Maganganun da na haɗiye ne."

Ɗana bai yi dariya ba. Ni na yi, har sai da na ja labule don kada su ɗaga kai.

Asabar ta gaba ɗana ya zo da dabara. Bai fito daga mota ba. Ya ajiye ta daf da wayar da ta kewaye filin, ya ɗaga gilasai, ya zauna kamar mutumin kirki. Na ce a raina Allah ya shirya mini shi. Ana fara wasa sai na ji hon, ɗit. Can kuma ɗit ɗit. Ashe tun a gida ya zaunar da yaro ya karantar da shi: ɗaya hagu, biyu dama, mai tsawo buga. Abin da bai lissafa ba shi ne filin a bakin titi yake. Wata motar haya ta danna hon mai tsawo tana kiran fasinja, Tsinke kuwa yana tsakiyar fili, babu kowa kusa da shi, ya rufe ido ya narka wa ƙwallo duka ta tsallake katangar makaranta. Koci ya dubi yaro, ya dubi mota. Ya kamo hannun Tsinke, ya zagaya ta ƙofa, ya ƙwanƙwasa gilashi, ya buɗe ƙofar baya ya saka shi a ciki, ya rufe a hankali.

Tun daga ranar yara suka sa wa jikana Ɗan Koyo. Har jan harafin nan da ake liƙa wa motar masu koyo suka zana a takarda suka manna masa a bayan riga, ya yi atisaye guda da shi bai sani ba.

Da yamma ya shigo ɗakina ya zauna a bakin gado, bai taɓa kwalbar alewata ba, nan na san abin babba ne.

"Maigida, yau kuma wa ya taɓa mini kai?"

"Kaka, ranar Asabar muna da wasa da 'yan tsallaken titi." Yana magana yana murza igiyar takalmi. "In aka fitar da ni ko sau ɗaya ne, na bar ƙwallo. Wallahi na bari. Takalmin ma kyauta zan bayar."

"Kai da kake kwana da ita?"

"Na gaji, Kaka. In ƙwallo ta zo mini yanzu ba na ganin kowa, kunne kawai nake kasawa." Ya goge hanci da bayan hannu. "Kada ki gaya wa kowa."

Na ce bakina a rufe yake. Kuma ban gaya wa ubansa ba, Allah ne shaida. Matar tela da ke ƙasan benenmu kawai na gaya wa, ita ma don ta hawo aron almakashi ne ta tarar da ni cikin damuwa. Ita ta gaya wa mijinta, mijin yana da shago, shagon yana da benci. Kafin tsakiyar mako mai kanti ya sani, mai gadin makaranta ya sani, 'yan tsallaken titi sun sani. Ɗana ne na ƙarshe, a bakin wata ɗalibarsa ya ji, tana tsakiyar koyon ribas ta ce, "Malam, ashe yaronka zai bar ƙwallo saboda kai?" An ce ranar ce kaɗai ya manta da birkinsa, har suka taɓa durom ɗin shara.

Ya shigo wurina bai ko cire takalmi ba.

"Inna, da gaske ne abin da nake ji?"

"Ni ban san me ka ji ba."

"Inna."

"Da gaske ne."

Ya zauna inda yaron ya zauna. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Ni fa taimakonsa nake yi," ya ce. "Ni da nake yaro ina buga ƙwallo, ba wanda ya taɓa zuwa kallona ko sau ɗaya." Wannan gaskiya ce, ubansa ba ya gari, ni kuma ina bakin keken ɗinki. Da zai fita ya juyo ya ce, "Ranar Asabar ko tari ba zan yi ba."

Ranar Asabar na ce sai an saukar da ni. Wannan ba kallon taga ba ne. Surukata ta riƙe ni ta hagu, lema ta riƙe ni ta dama, muka isa fili. Jama'a kuwa! Tun da aka kafa filin nan bai taɓa ganin taro irin wannan ba. Tela ya rufe shago, mai kanti ya bar wa matarsa, har ɗaliban ɗana sun zo sun jeru. Kuma duk ba wanda ya fuskanci fili. Kujerun da aka kawo ma karkata su aka yi wajen bencinmu.

Ɗana ya zauna tsakanina da matarsa. Ya ninke hankici ya cusa a baki, ya soke hannuwa a ƙarƙashin cinyoyi. Koci ya zo wucewa ya gaishe ni, "Mama, yau an sauko?" Na ce, "Na zo ganin mijina." Ya dubi hankicin, ya dube ni, ya wuce abinsa yana shafa tumbi.

Sai ga mai walda. Ɗansa ne ɗan gaban 'yan tsallaken titi, shi kuma irin mutanen nan ne da ƙarar inji ta cinye musu kunne, ko raɗa suke yi sai an ji a layi na uku. Duk faɗin filin nan bai ga wurin tsayawa ba sai bayan ɗana.

Aka busa usur. Ranar a baya Koci ya sa Tsinke. Ƙwallo ta fara zuwa masa, ga hagu a buɗe fayau, ko ni da tabarau na gani. Mai walda ya sunkuyo ya ce wa tela, da ƙarfi, "Ni da yaron nan zai ji shawara, dama zai bi. Dama ita ce hanya." Ɗana ya yi wani irin gurnani ta cikin hankici. Ƙafarsa ta dama ta shiga taka ƙasa, tana neman birkin da babu. Surukata ta danne masa gwiwa, ni na ɗora masa kan lema a kan yatsun ƙafa.

Tsinke ya tsaya da ƙwallo kamar yadda ya saba, yana jira. Ba a ce masa komai ba. Ya ɗan waiga. Shiru. Sai ya tura ta hagu da kansa, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai, ta isa ga abokinsa. Wurin ya ɗauki tafi, amma ɗana ake tafa wa.

"Sa'a ce," in ji mai walda. "Malam Birki, ashe kana nan? Na ji shiru na ɗauka tafiya ka yi. Haƙori ne ke ciwo? Wai ni kam, a mota wanne ne birki, na tsakiya ko na gefe? Jiya muka yi gardama, na ce na gefe ne."

Jijiyar wuyan ɗana ta tashi kamar igiyar shanya. Gumi ya jiƙa masa riga. Na juya na ce wa mai walda, "Ɗan nan, ƙofar da ka yi wa matar tela har yau sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa, ka je ka ji da wannan." Aka yi dariya, ya ɗan lafa, amma bai matsa ba.

Haka aka tafi hutu ba ci. Ɗana ya cire hankici ya sha ruwa, ya sake ninke shi ta ɓangaren da bai jiƙe ba ya mayar. Tsinke bai zo inda muke ba, yana can cikin 'yan uwansa sun kewaye Koci, kowa na magana lokaci guda, Koci na saurare.

Bayan an dawo ne abin ya faru. Ƙwallo ta gangaro gaban ragarmu, Tsinke ya tare ta. Duk mai hankali ya san waje ake bugawa a huta. Shi kuwa jikan nawa, da ya ɗanɗana yin abu da kansa, sai ya ga bari ya yanke ɗan mai walda. Ya kai ƙafa nan, ya kai can, ya taka ƙwallo, ya zauna daɓas a ƙasa. Ɗan mai walda ya ɗauke ta ya zura a raga ko gumi bai yi ba.

'Yan tsallaken titi suka ɓarke da ihu. Tsinke ya tashi, bai kakkaɓe wando ba. Ya tsaya shi kaɗai, hannuwa a sake, ya juyo yana kallon bencinmu. Daga inda nake ina ganin ƙwalla a idonsa.

Ɗana ya miƙe tsaye. Lema ta faɗi. Ya zare hankicin daga baki. Surukata ta ce, "Don Allah, Baban Tsinke," ta rufe fuska da gyale. Ihun ya mutu, har 'yan wasa suka tsaya. Ya ja numfashi, ƙirji ya cika, duk maganar da ya tara tun safe ta taru a maƙogwaro, na ce shi ke nan, takalmi ya tafi.

"BA KOMAI!"

Tsuntsayen da ke kan rufin makaranta suka tashi. Mai tsaron ragarmu ya saki ƙwallon da ya ɗauko.

Tsinke da ya ji muryar ubansa bai jira kowa ba. Ya sunkuyar da kai ya kamo hanyar benci, ƙafa na jan ƙasa, yana tafe yana ƙoƙarin cire rigarsa. Ya kusa layi sai Koci ya ce, "Kai, ina zuwa?"

"Baba ya yi magana."

"Ya yi magana!" in ji mai walda yana tsalle. "Duk mun ji! Har tsallaken titi an ji! Doka doka ce, a fitar da shi!"

Koci ya juyo a natse. "Ya ce masa ya bi hagu?"

"A'a, amma..."

"Dama?"

"Bai ce ba."

"Ya ce ya buga, ko ya riƙe?"

Mai walda ya dubi tela neman agaji, tela ya dubi sama.

"To ni ban hana uba magana da ɗansa ba," in ji Koci. "Tuƙa shi na hana." Ya dubi Tsinke. "Kai kuma an ci ku, abokanka na jiran ka. Wanda ya zubar ai shi ke kwashewa."

Yaron ya dubi ubansa. Uban yana tsaye da jiƙaƙƙen hankici a hannu, shi ma kamar bai san abin da ya fito daga bakinsa ba. Tsinke ya goge ido da gefen riga ya koma da gudu.

Da an tsaya nan da sai in ce ɗana ya zama mutum. Amma wanda aka toshe wa baki tun safe ya samu kalma biyu da aka halatta masa, kuna ganin zai bar su su huta? Tsinke ya ba da ƙwallo ga abokin gaba: "Ba komai!" Mai tsaron raga ya bar ta ta bi ta tsakanin ƙafafunsa: "Ba komai!" da haƙora a cije, ido jajir. Alƙalin wasa ya hana mu bugun kusurwa, ɗana ya bi shi har layi yana nuna shi da yatsa yana cewa, "Ba komai! Ba komai, ka ji ko!" har bawan Allah ya ja da baya. Can sauran iyaye suka kama, tela da mai kanti da ɗaliban tuƙi, duk wanda ya faɗi ko ya yi shirme sai fili ya amsa gaba ɗaya. Mai walda ya rasa abokin faɗa ya koma wajen mutanensa.

Ci huɗu aka yi mana, muka rama ɗaya, ita ma ɗan bayansu ne ya taimaka da ƙeya. Tsinke ya sake gwada yankan nan har sau biyu. Na farko ya sake faɗuwa. Na biyu ya wuce, ya yi mamaki har ya manta da ƙwallon a baya. Amma ba a fitar da shi ba har aka tashi.

A mota muka koma gida saboda gwiwata, ko da yake tafiyar ba ta kai a kunna inji ba. Ni da surukata a baya, maigidana a gaba, takalmi rataye a wuya, laka har kunne. Ɗana muryarsa ta dishe, in ya haɗiyi yawu sai ya runtse ido. Ya tsaya a ƙofar gida ya kashe mota, ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba, yana jira.

"Baba," in ji Tsinke.

"Na'am." Da ƙyar ta fito.

"Asabar mai zuwa ni ne a raga. In za ka ce ba komai, ka rage ƙarfi. Tsorata mutum yake yi."